Sunaye 153 da Suka Ɓace Daga Wayata

Daga: Awaisu Shitu,
Jami'in Rajistar Manoma, Shiyyar Tsiga.
Litinin, 13 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga: Hajiya Amatullah Bature,
Shugabar Sashen Na'ura,
Ƙungiyar Manoman Masara ta Hasken Damina, Ofishin Funtua.

Ranki ya daɗe,

Game da: Sabunta manhajar rajista ta 2 ga Mayu, da bayanin da bai faɗi komai ba

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Ni ba mai yawan rubutu ba ne. Dole ce ta sa.

1. Daga 8 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu na yi wa manoma 214 rajistar karɓar irin masara, ƙauye-ƙauye, inda babu sabis. Sunayen kan zauna cikin wayata, sai na shigo gari in tura.

2. A wajen horo, Injiniya Donatus, mai rubuta manhajar, ya ce mana tushenta ɗaya ne: da ta wayoyinmu na Android, da ta ayfon ɗin masu duba aikinmu, da ta kwamfutar ofis mai Windows. In an taɓa tushen, an taɓa duka ukun. Ya ce kada mu sabunta sai mun karanta bayanin canje-canje. Na riƙe wannan.

3. Ranar 2 ga Mayu na shigo gari. Manhajar ta nemi a sabunta ta. Na karanta bayanin. Layi ɗaya ne: "An gyara ƙananan kurakurai." Na danna. Sunaye 214 suka koma 61.

4. Sai ranar 6 ga wata, a ofis, na gano dalili. An sa sabuwar ƙa'ida a tushen: lambar waya ɗaya, manomi ɗaya. A kwamfuta, manhajar tana tambaya kafin ta haɗe sunaye. A ayfon tana gargaɗi. A Android shiru take yi, ta bar sunan ƙarshe, ta shafe sauran. Masu shiga ƙauye kuwa duk Android muke riƙe. Layin nan ɗaya aka ba mu duka, kamar abu ɗaya ne zai same mu.

5. Hajiya, a wajenmu waya ɗaya ke ɗauke da gida. Gidan Alhaji Rabe mutum tara ne, kowa da gayaunarsa, wato 'yar gonar kansa, amma lamba ɗaya. Mata kan ba da lambar miji ko ta ɗa. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne da za a gyara. Haka muke zaune.

6. Goggo Sabuwa, ƙanwar mahaifina, mijinta ya rasu bara. Ba ta da waya, na sa mata lambata. Bayan kwana biyu na rubuta tawa gonar da lambar nan. Sunana ya tsaya, nata ya tafi. Ranar Juma'ar da ta wuce aka liƙa jerin masu karɓar iri a ƙofar mai unguwarmu. Gari ya karanta. Ana cewa na cire ta na sa kaina.  Ita kuwa, har yau da safe ta aiko mini da koko. Na kasa sha.

Saboda haka nake roƙo, da ladabi:

A ɗage rufe jerin daga Juma'a 17 ga Mayu zuwa kwana goma gaba, in sake zagayen. Ruwan shuka ya kusa, an riga an yi yayyafi sau biyu.

A aiko wa mai unguwa takarda mai tambarin ofis, cewa ba ni na shafe sunayen ba.

Daga yau, kowane bayanin canji ya faɗi abin da aka canza, da na'urar da ya shafa, da abin da mutum zai yi kafin ya danna, kuma da Hausa. Da an rubuta "Masu Android: sunaye masu lamba ɗaya za su goge, ku tura naku kafin ku sabunta", da ba ki ga wannan takarda ba. Ni sakandare na tsaya, amma na rubuta shi a minti ɗaya.

Idan duk waɗannan ba za su yiwu ba, akwai wanda ba ya buƙatar injiniya. A cire sunana, a sa na Goggo Sabuwa. Lambar ɗaya ce.

Allah ya ƙara girma.

Naki cikin biyayya,
Awaisu Shitu