Bashin Minshari

Zuwa ga babban ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a aikinka, Ya raya mana zuriya. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi har ta koma zagayen gidajen maƙwabta, ka kuwa san ma'anar haka, babu labarin da zai kwana a gidan nan bai fita ba. Shi ya sa na ɗauki biro da kaina, da rubutun nan nawa mai kama da sawun kaji, don ka ji zancen daga bakin mai laifi kafin ta kira ka ta ƙara masa gishiri. Kwamfutar nan da ka aiko wa ƙanwarka Auta, na ƙona ta. Idan ka miƙe tsaye koma ka zauna, an gyara, amma da sauran bayani.

Kwanakin baya fankar da ke cikin akwatin kwamfutar ta fara wani gurnani, duk sanda Auta ta kunna sai ka ce an ɗaure kare a ƙarƙashin tebur. Ta ce mini ƙura ce, za ta kai wa mai gyara idan ta samu sarari. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Mutumin da ya tsufa yana faci, da injin iska a rumfarsa, a ce za a ɗauki ƙura a kai wa wani? Da ta tafi makaranta sai na cire wayoyin, na ɗaure akwatin a bayan babur da robar tif, na nufi bakin titi. Na kwance murfin da sukundireba, na tarar da ƙura ta yi dam kamar auduga. Na ce yau kin gamu da maganinki. Na saita tiyo na matsa. Fankar ta yi wani fito da ban taɓa ji ba, fiffike ɗaya ya tsinke ya faɗa bahon da nake tsoma taya in nemo huji. Wannan ma ƙaramin abu ne. Ka tuna tankin injin yana tara ruwa a ƙasa, kullum da safe sai an kwance an tsiyaye? Ni na koya maka haka, da ranƙwashi ma. To ranar malaminka bai tsiyaye ba. Ruwan tsatsa ne ya biyo iskar ya yi wa cikin akwatin feshi. Na goge inda tsumma ya kai, na rufe, na dawo gida na jona don in gwada aikina. Na ji tas, sai ƙauri. Ƙaurin roba kuwa ba a yi mini ƙarya da shi, a cikinsa na yi furfura.

Da Auta ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta shinshina iska. Ta dubi akwatin da sawun ruwan tsatsa a jikinsa, ta dubi hannuna da ke baƙi, ta tambaye ni abu ɗaya kawai, ko na kunna ta da danshi. Na ce ai gwaji ne. Ba ta yi kuka ba, ta zauna a bakin gado ta zuba wa bango ido, ni kuwa da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyarka ce ta ja ni gefe ta gaya mini cewa aikin da yarinyar za ta kai gasar kimiyya ta makarantu yana ciki, aikin da ta shafe watanni tana yi, ga gasar ta matso.

Washegari muka kai wa mai gyara, wani siririn mutum mai shago a ƙarƙashin matakalar bene, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Ya leƙa ciki ya tambaya ko ruwan sama ne ya dake ta. Na ce kusan haka. Bayan 'yan kwanaki ya kira mu. Ya sauya abin da zai sauya ta tashi, amma ya ce wutar ta taɓa faifan ajiya. Manhajar da Auta ta rubuta ta tsira, don ta taɓa tura wa malamarta. Sautukan da ta tara kuwa sun tafi, sai ƙwaya ɗaya da ya samu ya ceto. Ban san wane sauti ake nufi ba. Ya jona lasifika ya ce bari mu ji ko yana da rai, Auta ta miƙa hannu za ta hana shi amma ya riga ya danna.

Wata ƙara ce ta cika shagon, har masu jiran gyaran waya suka juyo. Ni kuwa ka san halina, ba na jin ƙarar inji in yi shiru. Na gyara tsayuwa na yi musu bayani cewa wannan tsohuwar tifa ce take hawan tudu da kaya, kuma salansarta ya fashe. Can sai ƙarar ta ɗauke ɗif, aka jima, ta dawo da wata irin shaƙuwa. Na ce kun ji ko, ta mutu ta sake tashi, duk mai motar nan gara ya ajiye ta kafin ta kwana da shi a hanya. Mutane suna gyaɗa kai, ina jin daɗina. Ban rufe baki ba sai ga muryar mahaifiyarka tar daga cikin lasifikar: "Malam, don Allah gyara kwanciyarka, muna da baƙi."

Ɗana, ka san matsayina tun kana goye: ba na minshari. Na musa wa mahaifiyarka, na musa wa kakarka Allah Ya jiƙanta, na musa wa abokan tafiya a mota. Ranar babu wanda zan musa wa. Mai gyara ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa suna rawa. Wata dattijuwa da ke riƙe da waya ta ce Allah Ya ba tifa lafiya.

Muna isa gida na buɗe wuta. Na ce yarinyar da na haifa ce za ta riƙa laɓe mini da makirfo ina barcin rana a falo, kamar ɓarawon kaji. Da na sauke numfashi sai ta yi mini bayani. Ashe manhajar tata sauraron mai barci take yi, tana zana numfashinsa a allo kamar tuddai da kwaruruka, tana ƙirga wuraren da ya ɗauke, don in sun yi yawa a ce wa mutum ya je ya ga likita. Ta ɗauki mahaifiyarka da gwaggonku da saninsu, amma su barcin mage suke yi, na'urar ba ta samun abin ƙirgawa. Ni ne gonar. Kuma malamarta ta daɗe da gaya mata cewa ba a shiga gasa da aikin da aka yi a jikin mutum sai da yardarsa, ita kuwa kullum tana cewa gobe za ta tambaye ni, tana tsoron rigimar da ta san zan yi. Ta ce ta yi kuskure, kuma in na ce a'a, a gabana za ta goge wanda ya rage ta haƙura da gasar. Na ce to me ya kai ta tun farko, ta rasa abin wasa sai uban da ya haife ta? Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ba wasa ba ne. Idan ka yi shirun nan, a bakin ƙofa nake tsayawa ina jira ka dawo."

Mahaifiyarka, wadda ba ta barin fili ya tafi a banza, ta ce ita dai a iya ganinta mutum biyu ne a gidan nan suka taɓa abin da ba nasu ba babu sallama, kuma ɗaya daga cikinsu ya haifi ɗayan, saboda haka kada a wahalar da ita da shari'a.

Na wuni a rumfa ina ba tayoyi iska ina tunani. Gaskiya kunyar ta dame ni, a ce za a kunna ni a zaure cike da malamai. Amma na auna na ga kunyar da zan ji ta yini ɗaya ce, yarinyar nan kuwa in ta janye saboda ni, har ta tsufa ba za ta manta ba. Da safe na saka rigar da kuka ɗinka mini, na wanke hannu har sau ba adadi, baƙin bai fita ba, na bi ta makaranta.

Malamar tata wata 'yar gajeruwa ce mai gilashi, ofishinta a ƙuryar ɗakin gwaje-gwaje, kwalabe jere a kanta, ga ƙwarangwal ɗin roba a tsaye an ɗora masa hula. Ta sa Auta ta jira a waje, sannan ta tambaye ni ko wani ya matsa mini a gida. Na ce in ban da matata babu, ita kuma wannan tsohon ciwo ne. Ta yi dariya, amma ba ta sake ni ba sai da ta warware mini komai dalla-dalla: abin da za a ɗauka, wanda zai ji, da cewa duk ranar da na ga dama ina iya cewa na fasa ba tare da na ba kowa dalili ba. Rabona da wani mai ilimi ya zaunar da ni ya nemi izinina haka, na manta. Na tambaya ko za a faɗi sunana, ta ce a'a, a takarda Mutum na Ɗaya za a kira ni. Na ce alhamdulillahi, duk zaman da na yi a firamare ban taɓa zuwa na ɗaya ba sai yau.

Har na fara murna sai ta kawo wadda ban zata ba. Ta ce sautin nan da ya tsira ba za a yi amfani da shi ba, ko na yafe, don lokacin da aka ɗauka ban sani ba. Sai dai a ɗauki sababbi, da yawa, kafin ranar gasa. A hanya na ce wa Auta ashe ke nan ruwana bai yi wata ɓarna ba, tunda dama zubar da su za a yi. Kallon da ta yi mini irin na mahaifiyarka ne sak.

To a nan ake yin ta. Ni da nake barci a kan benci a bakin titi manyan motoci suna wucewa, ni da na taɓa yin barci a kujerar mai aski, tun ranar da na amince barcin rana ya ƙaurace mini. Da na ci abinci Auta za ta jawo kujera kusa da kaina, ta ɗora makirfo an sa masa safa don kada ya kwashi iskar fanka, ta ja waya har ɗakinta. Mahaifiyarka ta kashe rediyo, ta hana kowa motsi, gida ya yi tsit kamar ana jarrabawa. Ni kuwa in kwanta ina kallon silin, ina jin agogo, ina tuna tayoyin da ban gama ba. Shekaranjiya tausayin yarinyar ya kama ni, na rufe ido na shiga ja da ƙarfi ina kwaikwayon kaina. Ko minti biyu ban yi ba ta fito ta ce in daina, zanen ya fito a jere kamar haƙoran zarto, na gaskiyar ba ya da tsari haka. Ta ce gara ta je gasar da allo fari da ta je da na ƙarya. Kai ka san inda ta samo wannan taurin kan, ni dai ba a wurina ba. Na mahaifiyarka da na gwaggonku tuni an sake ɗauka, ni kaɗai ake jira. Na kuma yi alkawarin in aka samu sautin, da shi za mu je asibiti a kunna wa likita, ita da ni.

Kada ka yi wa ƙanwarka faɗa idan kun yi waya, ta riga ta yi wa kanta, yanzu duk abin da ta rubuta wuri biyu take ajiyewa, ta kuma rataya wa akwatin ƙaramin kwaɗo, ban tambayi don wa ba. Ka gaishe mini da surukata, Allah Ya saka mata da alheri bisa haƙurin da take yi da kai. Ka gaishe da amaryata 'yar jikalle, ka ce mata angonta ya shiga kimiyya, ta daina raina shi. Mahaifiyarka da gwaggonku suna gaishe ku, haka ma kawunka, wanda ban gaya wa komai ba kuma ina roƙonka kada ka gaya masa.

Ga shi can na ji ana jan kujera a falo. Mako mai zuwa ne gasar, kuma har yanzu ko ja ɗaya ban biya ba. Zan ajiye biro in je in kwanta. Idan ka idar da salla ka sa ni a addu'a, Allah Ya kawo barci mai nauyi, da minsharinsa.

Ka huta lafiya,
Mahaifinka, wanda Auta ke bi bashi.