Gunkin Kaka a Kabad ɗin Wani

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Kaka, ya su Inna da yara? Ni lafiya lau. Aikin shara ba wuya, bayana ne dai yake ɗan taɓa ni.

Yaya, bari ka ji abin da na gani. Tsohon da nake yi wa aiki dattijon coci ne, amma yana son tara kayan mutanen da. Jiya ya ce in goge kabad ɗinsa. Ina buɗewa sai ga gunkin yumɓun Kaka, wanda Baba ya ce ya jefa kogi ranar da aka yi mana baftisma. Ga kunnen hagun da na guntule ina yaro, har ka sha duka a madadina.

Da na gaya wa tsohon, sai ya ɗauko biro yana murna, ya ce, "Mene ne sunansa? Ba ni labarinsa." Ni kuwa ban san komai ba.

Kada ka tayar wa Baba da hankali. Amma don Allah ka zauna da Kaka tun tana iya magana, ka rubuto mini sunan gunkin da labarinsa. Baƙo ya adana shi shekara ashirin, mu ko sunansa ba mu taɓa tambaya ba.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninka