Takalmana a Ƙafar Mijinki

Ƙanwata Lorna,

Gaisuwa mai yawa daga Ostireliya. Ya yara, ya gwiwar Baba? Ki ce wa Mama ina cin abinci sosai. Aikin haƙar ƙarfe lafiya lau. Zafi ne kawai ya ɗan kayar da ni makon jiya, aka yi mini ƙarin ruwa. Kar ki faɗa mata.

Na ga bidiyon kwana ukun da Baba da mijinki Wade suka yi a gandun dajin jiha. Sau tara na kalla. Tantinmu ne, murhunmu ne, har faffaɗan takalmana na taka dusar ƙanƙara na gani a ƙafar Wade. Ba komai, ya sa. Amma a ce shi ne a gaba yana buɗe hanya! Hunturu ashirin na yi ina bin dattijon nan, kullum sai ya ce, "Koma baya, yaro, kar ka jefa mu a rafi." Wade kuwa, da bara ko wuta bai iya hurawa ba, shi Baba ke dafa wa kafaɗa yana cewa, "Ga abokin tafiya!"

Ba haushin Wade nake ji ba. To, ina ji kaɗan. Baba ya haura saba'in, ban san hunturu nawa ya rage masa a daji ba, ni kuma ba hutu sai baɗi.

Ki ce wa Wade ya riƙa karɓar wa Baba jaka a hawan tudu, ko da Baba ya ƙi. Sannan ki bugi cikin mijin naki, kar ki ce ni na sa ki: da suna shan kofi a tanti, Baba ya ambace ni kuwa?

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Verner