Inna, Baba Ya Sa Takalmi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ya mahaifiyata. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, autarki ce ke rubuto miki daga Daura. Na san babu ɗan aike zuwa inda kike, amma albishir ne ya cika min ciki, kuma in ba ke na faɗa wa ba, ji nake kamar ban faɗa wa kowa ba. Inna, Baba ya sa takalmi.

Kin fi kowa sanin ƙafar nan tasa ta hagu, ke da kika yi shekaru kina jinyar tundurminta a Sandamu. Zazzaɓi ya kayar da shi kwana huɗu, ƙafar ta yi zafi rau, in ya tashi kuma ta ƙara girma. Wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, duk a banza. A cikin irin wannan zazzaɓin yake ranar da aka fita da ke. Maza suka ɗauke ki, shi yana kwance yana rawar sanyi, ko ƙofar gida bai iya kaiwa ba.

Tun daga ranar ya daina fita, ko masallacin Juma'a. In aka matsa masa sai ya ce, "Ƙafar da ba ta raka uwarku ba, ina kuma za ta je?" Shekara biyu yana zaure da ƙafa naɗe cikin tsumma. Na tsorata, Inna. Na ga alamar a zauren nan zai ƙarasa kwanansa.

Kin tuna muna yara, in ɗayanmu ya zo yana ɗingishi da kaluluwa a matsematsi? Kafin ki ɗumama muciya ki danna wurin, sai kin ce, "Kaluluwa 'yar aike ce. Miƙo ƙafar in ga wanda ya aiko ta." Kuma sai kin samo ƙaya ko wani gyambo da muka ɓoye miki. Ashe karatun likita kike yi ba tare da allo ba.

Na gane haka ne bara, da na je gida na tarar da masu rabon maganin tundurmi na shekara-shekara. Cikinsu akwai wata ma'aikaciyar lafiya, dattijuwa mai kaifin baki irin naki. Ita ta bayyana mana cewa ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu kwashe wani farin ruwa daga cikin nama su mayar da shi jini, irin ruwan da ke fita in bororon ƙuna ya fashe. Kaluluwa kuwa shinge ce a kan hanyoyin, tana tare ƙwayoyin cuta, shi ya sa take kumbura in akwai ciwo a ƙasa da ita. Ta ce wasu tsutsotsi da sauro ke kawowa ne suka ɓata wa Baba hanyoyin, ruwan ya rasa wurin wucewa ya taru. Maganin zai kashe 'ya'yan tsutsar, amma ba shi zai hana zazzaɓin ba. Mai hana shi wanki ne da sabulu, kullum.

Sai ki ga mijinki, ya gyara zama. "Ni za a koya wa wanke ƙafa? Sau biyar nake wanke ta kullum, tun ba a haife ki ba."

"Na yarda, Malam. Sau nawa kake tsane ta?"

Nan fa, Inna, ya miƙa mata ƙafar. Ta buɗe tsakanin yatsunsa, wurin duk cin ruwa, ya yi fari ya tsattsage. Yatsun sun kumbura sun manne, ruwan alwala ya shiga ya kwanta, shi kuma ya mayar da tsumma a kai. Ta nan cuta ke shiga ta tayar da zazzaɓin. Shekara da shekaru muna kallon kumburin, ba wanda ya duba wanda ya aiko shi. Da na tuna maganarki sai dariya ta kama ni, ga hawaye na zuba.

Na buɗe akwatinki na ɗauko farin mayafin nan mai laushi, na yayyanka shi ƙanana. Ki yafe min. Da shi yake tsane yatsu ɗaya bayan ɗaya bayan kowace alwala, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa ƙyallayen. An hana wanzami kusantar ƙafar. In ya zauna yana ɗora ta kan buhun gero, yana motsa ta kamar mai taka keken ɗinki, don motsin nama ne ke tura ruwan sama. Da farko da mita yake yi, yanzu shi ke koya wa wani maƙwabcinsa mai irin ciwon, har da faɗa.

Wata tara ke nan ba zazzaɓi. Ƙafar ba za ta koma daidai da 'yar'uwarta ba, an faɗa mana gaskiya, amma ta sassauta. Na auna ta da zare na kai wa wani baduku nan Daura, ya ɗinka masa takalma, ɗaya wa ɗaya ƙane. Da ya gan su ya ce na mayar da shi abin dariya, amma fa ya zura ƙafa.

Juma'ar da ta wuce, ina gida, ya tafi masallaci da ƙafarsa. Aka sauko, kowa ya dawo ban da shi, har na fara leƙen ƙofa. Sai dab da la'asar ya shigo, takalman duk ƙasa, fuskarsa a sake yadda rabona da ganinta tun kina nan. Ya zauna, ya cire su a hankali, ya ce, "Auta, na makara, amma yau na raka uwarki."

Kin ji baƙon da kika yi. Allah Ya kai miki addu'ar da ya yi a kanki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa ku a inda babu ciwo. Amin.

Taki har kullum,
Autarki.