Teburin da Ya Dace da Hannuna

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni alhamdulillahi, sai gwiwa da rawar hannun nan, da shirun gida tun rasuwar mahaifiyarki. Gwaggonki ta leƙo ranar Talata, tana samun sauƙi.

Albishirinki, tsohuwar kwamfutar da kika bar mini ta tashi! Kin san abin da ke ci mini rai, duk saƙon da zan aiko miki sai wani ya buga, maganar cikina ta bi ta kunnen bare. To maƙwabcina mai gyaran rediyo ya zuba mata wani tsari na kyauta, wai shi Linuks. Ya ce fuskokinsa iri-iri ne, kamar teburin ofis, kowa da yadda yake so a jera masa kaya, don haka in zaɓa.

Ta farko kyakkyawa ce, amma komai a ɓoye. Da hannuna ya yi rawa 'yar kibiyar da ake nuni da ita a kwamfutar ta taɓa kusurwar sama, sai takardu su watse kamar iska ta banko taga. Sau huɗu haka, har na ce ya rufe, na tsufa. Ya yi dariya, ya ce ba ni na gaza ba, teburin ne ba nawa ba. Ta biyu kuwa maɓallai sun yi mata yawa. Amma ta uku, 'yata, sak teburina na akawu: agogo a gefe, kwandon shara a gabana, aljihu ɗaya a ƙasa da ba ya buɗewa sai na danna. Ya ƙara girman haruffa, ya rage wa kibiyar gudu. Illa dai har yanzu a ƙarshen kowane layi ina jiran ƙararrawar tafireta.

Kwana biyu na yi ina buga wannan da yatsuna, kuma ba wanda ya karanta kafin ke. Don haka bari in faɗi abin da na kasa faɗa a gaban mutane. Ina kewarki ƙwarai, kuma har yau kofi biyu nake ɗaurayewa da safe, nawa da na mahaifiyarki.

Ki gaishe da maigidanki, da babban jikana, da auta mai ƙiriniya. Ki amso da kanki, ni zan karanta.

Mahaifinki mai yi miki addu'a kullum.