Tafkin Siminti a Bayan Gidan Baba

Kalgo,
20 ga Maris, 1955.

Zuwa ga yayana Malam Abdulgani, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka duka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka cikin nema, ya kare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan sai godiya. Inna Hadijatu tana nan lafiya, ban da gwiwar nan tata da ka sani. Ƙanwarmu Indo ta sauka lafiya a Gwandu, namiji, an raɗa masa Ɗahiru. Albasa ta yi kyau a fadama bana, ruwan gulbi kuwa ya ja baya sosai, har yara suna ƙetarewa da ƙafa ta mashigin Dangoma.

Takardarka ta iso ta hannun Lawali mai goro tun watan jiya. Ka ce in faɗa maka gaskiya a kan jikin Baba, in abin ya yi nisa ka bar kome ka taho. Na jinkirta amsa da gangan, don shekarun da na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a a Zariya sun koya mini kada in sa a takarda abin da ban tabbatar ba. Ka san tun zazzaɓin da ya kwantar da shi da damina ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ciwon ya tafi, ƙarfin bai dawo ba. Abin da ya fi damuna shi ne ya daina faɗa. Mutumin da ya shekara hamsin yana tuƙa jirgi yana su, wanda in ya yi tsawa daga wannan gaɓa ana jinsa a waccan, sai ya koma kwance ƙarƙashin tsamiyar bayan gida, a kawo tuwo ya taɓa ya ture. Likita a Birnin Kebbi ya ce jijiyoyin ba su mutu ba, zama ne ke kashe su, kuma in da zai riƙa motsa su cikin ruwa, inda jiki ba ya da nauyi, akwai fata. Amma kai shi gulbi kullum a kan jaki ba zai yiwu ba, ga laka, ga santsi. Sai na ce tun da ba zai je ruwa ba, bari a kawo ruwan gida.

Na taɓa ganin irin wurin iyo da Turawa ke ginawa a ƙasa, na kuma karanta yadda ake aikin siminti, don haka na auna namu daidai buƙata. Na kafa turaku huɗu na ja igiya, tsawo ƙafa goma sha biyu, faɗi ƙafa bakwai, kusa da rijiya, a inda ƙasar ta gangara zuwa lambu. Bawa mai haƙar rijiya ya yi haƙar. Da ƙyar na shawo kansa ya bar gefe ɗaya iyakar gwiwa, ɗaya gefen iyakar ƙirji, don shi a wurinsa rami in bai nufi ƙasa sak ba, wasa ne. Da aka gama, matan unguwa suka zo da madaɓai suka daɓe ƙasan kamar na ɗakin amarya, suna waƙa suna yi mini dariya. Aka shimfiɗa tsakuwa, aka ɗora ragar ƙarfe, aka kwaɓa siminti mudu ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, aka zuba kaurin tafin hannu. A ƙasan gefe mai zurfi na binne bututu mai toshi, wanda in an buɗe shi ruwan ke gangarawa cikin albasa, don kada ya kwana biyu ya tara sauro. Bangon kuwa Jibrin magini na ɗauko daga Gwandu, wanda ya yi soron gidan surukan Indo. Ya jera marmara da siminti, ya yi matakala uku, ya kafa azara a jikin bango don riƙewa, sa'an nan ya yaɓe ciki sumul.

Duk wannan a gaban Baba aka yi, yana kwance yana kallo. Ya sa wa wurin suna akushin Basharu, wai akushina ke nan. Ya ce shi da ya ƙetare gulbi da cikar ruwa ba zai shiga akushi ya yi facal-facal kamar agwagwa ba, in na gama in zuba fura a ciki a raba wa unguwa. Ban ji haushi ba. Na ma ji daɗi, don rabon da in ji ya yi wa wani ba'a tun kafin kaka.

Ranar da aka gama yaɓe ita ce jajiberin sunan ɗan Indo, dole na tafi Gwandu. Na rufe wurin da jiƙaƙƙun buhuna, na ce wa Jibrin a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har in dawo. Ban gaya masa dalili ba, wannan kuwa laifina ne. Jibrin ya shekara talatin yana ginin ƙasa, a saninsa rana ita ce abokiyar magini, ruwa kuma abokin gaba. Sai ya ɗauka subutar baki ce irin ta mutanen takarda, don wa zai jiƙa ginin da yake so ya bushe? Ina juya baya ya kwashe buhunan, har ya sa aka datse reshen tsamiya guda don rana ta samu shiga. Bayan kwana huɗu na dawo ya tarye ni da murna, yana cewa ya rage mini kwanaki. Na yi masa bayani cewa siminti ba bushewa yake yi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi a hankali. Ya ce bai taɓa jin ginin da ake shayarwa kamar doki ba. Da ido ban ga tsaga ba, sai muka ɗora jigo a rijiya muka cika shi, muna fata.

Washegari ruwan ya ragu da yatsa huɗu. Muka ƙara, ya sake raguwa. Ni da Jibrin da Bawa muka yi ta zagaye muna leƙe, ba mu ga kome ba. A nan ne Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce ga malamin boko, ga magini, ga mai rijiya, an rasa mai gane yoyo, abin da kowane mai jirgi ke yi tun bai yi gemu ba. Ya sa Lauratu, maiɗakina, ta kawo dusa, ya ce a bar ruwan ya kwanta, a barbaɗa a bakin bango, inda ta jiƙa ta taru a ƙasa nan ɓarnar take. Muka yi, dusar ta nufi kusurwar gefe mai zurfi, amma muka kasa gane daidai wurin. Ya ce idanunmu na ado ne, yoyo da tafin ƙafa ake jinsa, mu ɗauke shi mu sa shi ciki ya nuna mana aikinmu.

Yaya, nan take muka ɗauke shi, kada ya fasa. Ni da Bawa muka sauke shi a matakala. Ya kama azara da hannu biyu, ya shiga jan jiki yana lalube da ƙafa, yana ta faɗan yaɓen Jibrin. Da ruwan ya kai masa ciki na ji nauyinsa ya bar hannuna, sai na sake shi. Bai lura ba. Ya ɗaga ƙafar dama ya ajiye, ya jawo ta hagu, haka har taki bakwai, na ƙidaya. Inna tana bakin madafa ta rufe baki da gefen zane, ba wanda ya yi motsi. Da ya kai kusurwar ya ce ga ta nan, inda bango ya haɗu da ƙasa, tsawonta ya kai kamu ɗaya. Sa'an nan ya waiwayo don ya ga ko mun ji, ya ga duk muna can nesa da shi. Ya dubi ruwan, ya dubi ƙafafunsa. Daga bisani ya ce ruwan ba laifi, mu bar shi ya ɗan jima.

Gyaran bai yi wuya ba. Muka zubar da ruwan, aka fafe tsagar da kurfi, aka cike ta da siminti mai ƙarfi, aka sake yaɓe ciki duka. Wannan karon Jibrin da kansa ya riƙa shayar da shi kwana goma, yana ƙunƙunin wai da tsufansa an mai da shi mai lambu. Wanda ya fi kowa gajen haƙuri cikin kwanakin nan Baba ne, kullum da safe sai ya tambaya saura kwana nawa. Yanzu mako uku ke nan bai sake yoyo ba. Yana shiga da hantsi, ya kai ya komo sau goma, jiya har goma sha biyu. Yana cinye tuwonsa, ya koma faɗa da kowa. A tudu bai iya tafiya shi kaɗai ba tukuna, ba zan ɓoye maka ba, amma ranar Juma'a ya taka daga tsamiya zuwa ƙofar ɗakinsa da sanda ɗaya, ina gefensa ban taɓa shi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na karanta masa takardarka. Ya ce in gaya maka kada ka bar kasuwarka ka taho a guje kamar wanda aka aika wa da labarin rasuwa. Ka gama abin da kake yi, ka zo bayan babbar salla a tsanake, kuma kada ka shigo gida kai tsaye, ka yi sallama a zaure ka jira, shi zai fito ya shigo da kai.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Lauratu da Indo da mijinta Haruna suna gaisuwa. Ka gai da Mairama da yara, da Ahmadu da Lukuman, ka ce Baba ya ambace su ɗaya ɗaya. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Ni ne ƙanenka,
Basharu.