Fartanyar Baba a Filin Ƙwallo

Zuwa ga yayana Zefanias,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa da ta yi kewar yayanta. Allah ya ba ka lafiya, ya fito da kai daga ramin ma'adinan Rustenburg kullum da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, bishiyar kashu ta yi 'ya'ya bana, 'yar'uwarmu Celeste kuma ta haifi mace.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san a filin bayan kasuwa aka binne shi cikin gaggawa lokacin yaƙi, Mama ta tura bakin fartanyarsa cikin ƙasar kabarin don kada wurin ya ɓace. To, an sare bishiyar da muke gane wurin da ita, fili ya koma na ƙwallo, yanzu kuma hukuma za ta zuba kankare ta yi tashar mota. A kan ubanmu fa! Sai na aro na'urar gano ƙarfe wajen Armindo, wanda muka yi aikin cire nakiyoyi tare.

Ban yi rashin ladabi ba ko kaɗan. Sai yara sun tafi makaranta nake shiga, duk ramin da na tona in mayar da ƙasarsa, ƙusa da marfin kwalba in kwashe. Amma ka san mutanenmu da wannan na'urar. Rannan tana yin ƙara mai ƙarfi, masu tumatir suka watsar da faranti suna ihu wai nakiya. Kafin ka ce me, ga ɗan sanda.

Na kashe na'ura, na ajiye ta ƙasa, na buɗe hannuwana, na gaishe shi da ranka ya daɗe. Ya ce in nuna takardar izini, wai na tayar wa gari hankali, kuma ya san irinmu, zinariya muke nema. Na ce ya dubi silifas ɗina ya gaya mini ko sun yi kama da na mai zinariya. Na ƙara da cewa lokacin da nake rarrafe ina share hanyar da yake bi da babur ɗinsa, ba wanda ya tambaye ni takarda. Ya ce bakina ya yi tsawo, in matsa gefe. Na ce na'ura dai ya ɗauka in doka ta ba shi, amma ni Felismina ba na matsawa. Ya saɓa na'urar a kafaɗa ya tafi yana huci.

Abin da bai sani ba, ƙarar nan ta fartanyar Baba ce. Kafin ya iso na riga na tona, na ga fartanyar da tsagar nan ta gefen baki, na rufe. Duk surutun da yake yi a kanta nake tsaye, ina roƙon Baba gafara a zuci. Da ya ɓace na durƙusa na yi kuka har na gaji.

Tun ranar Mama take shimfiɗa tabarmarta a wurin kullum, ta ce motar kankare ta fara da ita. Na kai wa hukuma roƙon izinin ɗauke Baba daga wurin, ko sun bayar ko ba su bayar ba, ba ma tashi. Ka nemi hutu ka taho, kai ne babba.

Ka gaishe da Inna Rabeca, da matarka Lurdes, da yara. Kada ka tsaya sayen tsaraba, Yaya. Likkafani kawai za ka riƙo, wanda Baba bai samu ba wancan karon.

Ƙanwarka,
Felismina Mabunda